Shawara: Ina rubuta manhaja a ƙauye, a gida ana min kallon mai zaman banza

Saƙon wannan makon daga wani ƙaninmu ne dake wani ƙauye tsakanin Gidar da Figil a arewacin Kamaru, ya roƙi kar a faɗi sunansa. Na rage shi dan yayi tsawo:

"Salamu alaikum Yaya. Na gama karatun kwamfuta a Gaundare, rasuwar mahaifinmu ce ta maido ni gida tunda nine babba namiji, ga Inna ga ƙanne huɗu. Shekara biyu kenan ina rubuta wata manhajar waya da masu butik zasu dinga rubuta bashi da kayan da suka shigo da wanda suka fita. Mutum 14 na saka wa, 3 ne kawai suka taɓa bani kuɗi, sauran sai dai Allah yayi albarka. Kuran, wato wutar lantarki, sai ya kwana biyu bai zo ba, rezo kuma, wato sabis ɗin waya, sai na hau tudun bayan makaranta. A gida duk aiken da ya taso ni ake kira tunda wai ina zaune ina danne-danne. Baban yarinyar da nake nema yace bazai ba mai wasa da waya 'yarsa ba. Wani abokina a Duwala yace in zo akwai aiki. In tafi in bar Inna ne, ko in haƙura da manhajar in koma gona, ko yaya zanyi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta, ya baka ladan riƙon gida.

Kuran da rezo ka fi yi wa kuka, kuma da gaskiyarka suna da ciwo, amma ni inda idona ya tsaya shine 14 da 3 ɗin nan. Shekara biyu, mutum 14, uku suka biya. Kar kaji haushina, wannan bai zama sana'a ba tukuna, aiki ne mai kyau da kake rabawa sadaka, kuma ko yau aka jawo maka wayar wuta tun daga Lagdo har ɗakinka aka kafa maka eriya a tsakar gida lissafin nan bazai motsa ba. Shi ma baban yarinyar in ka cire zafin maganarsa abinda yake faɗi kenan, bai ga abinda ke shigowa ba. Dan haka maganar in tafi ko in zauna ka ajiye ta gefe tukuna. Abinda ni da kai bamu sani ba shine, tsakanin Gidar da Garwa akwai mutum 30 da zasu sa hannu a aljihu su biya abin nan ko babu, kuma ba a gaban kwamfuta ake gano wannan ba.

Na san ciwon masu rubuta manhaja, kullum akwai abu ɗaya da ya rage a ƙara kafin a fara sayarwa, yau launi gobe wani maɓalli jibi a sake ginin daga tushe saboda an ga wata sabuwar hanya a YouTube. Daɗinta shine kwamfuta bata ce maka a'a, ɗan kasuwa kuwa yana cewa, har da dariya wani lokaci. To ka tsaya haka nan. Daga yau kar ka ƙara komai sai abinda wani mai biya ya nema da bakinsa. Ka zagaya wajen su 14 ɗin ɗaya bayan ɗaya, kar ka tambaye su ya manhajar take dan kowa zai ce maka lafiya lau Allah ya ƙara basira, ka ce su buɗe maka ka ga ranar ƙarshe da aka rubuta wani abu a ciki. Wanda rabonsa da ita tun kafin azumi ba kwastomanka bane, kunyarka yaji ya bari ka saka masa. Wanda kuma ka tarar jiya ma ya rubuta, wannan ka samu kujera ka zauna a butik ɗinsa ranar kasuwa tun safe har la'asar kayi shiru kana kallo, ka ga lokacin da mutane suka cika yaya yake yi, wayar yake ɗauka ko tsohon littafinsa, waye ma ke rubutun, shi ne ko yaron shago. Abinda zaka gani a yini ɗaya zai gyara maka manhajar fiye da wata uku na tunani a ɗaki.

Sai maganar kuɗi, kuma nan zan daɗe. Mutanen nan basu ƙi biyanka dan mugunta ba, kai ne baka yanka farashi ba tun ranar farko, ka saka masu kace a gwada a gani, to an gwada an gani, shikenan. A ƙauyenku akwai mai injin niƙa ko? Ko gwaggonsa ce ta aiko da dawa da kuɗin niƙa take haɗowa, babu mai jin haushi saboda kowa yana ganin mai yana ƙonewa. Naka man ba a ganinsa, forfe, wato kuɗin data, da batir da shekarun Gaundare, sai ka faɗa da baki. Ka koma wajensu da ladabi kace Alhaji lokacin gwaji ya ƙare, daga watan gobe ga kuɗinta, wanda yake so mu ci gaba wanda baya so in fitar masa da lissafinsa a takarda mu rabu lafiya. Wasu zasu tafi, su tafi ɗin. Biyar masu biya sun fi maka 14 masu addu'a, addu'ar ma ai bazasu fasa ba.

Nawa zaka ce? Kar ka auna da wahalar da ka sha, babu ruwan ɗan kasuwa da wannan. Ka tambaye shi bara bashin nawa ya ɓace masa saboda an manta ba a rubuta ba, ko littafi ya jiƙe da damina, ko yaron shago ya tafi da lissafin a kansa. Shi da kansa zai faɗi adadin da zai baka mamaki, daga nan sefa 3,000 a wata bazata yi masa nauyi ba. Muyi lissafi da ita a matsayin misali: mutum 30 sau 3,000 ya kama 90,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kamaru ta yanka a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba 60,000 ne, kai kuma kana gidanku babu haya, ga hatsi a rumbu. Ba arziki bane amma ya isa mutum ya ɗaga kai. Sannan ka sa kuɗin sakawa daban, na ranar farko da zaka zauna ka kwashe tsohon littafi ka zuba a waya ka koya wa yaro, dan wannan aikin yini guda ne kuma wanda ya biya shi bazai yar da abin bayan sati ba.

Wani abu da 'yan birni masu koyar da kasuwanci a intanet basu sani ba, a wajenmu kuɗi ba wata-wata yake zuwa ba, kaka-kaka yake zuwa. Idan Sodecoton ta biya manoma kuɗin auduga, ko an kwashe albasa da rani, ko gab da Sallah, kasuwa tana da jini, amma Agusta kowa kuɗinsa yana gona kuma lokacin ne ma bashi yafi yawa. To bin mutum kowane wata kana Alhaji 3,000 ɗin nan zai gajiyar da kai ya zubar maka da girma. Ka basu zaɓin biyan wata shida ko shekara a dunƙule lokacin da kuɗi ke hannu, ka rage masu wani abu. Su turo ta Orange Money ko MTN MoMo, ka tuna tun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin 100 akan turawa da cirewa banda kuɗin kamfanin, ka sa shi cikin farashi tun farko kar kuzo kuna jayayya akan sefa 100. Kuma layin sana'a daban da layin da 'yan uwa suka sani, in ba haka ba kuɗin kwastoma ne zai tafi gudummawar biki.

Su wa zaka nema? Mai tebur da kayansa duka basu kai 50,000 ba yana riƙe da lissafinsa a ka, ƙyale shi. Ka nemi wanda bashinsa yafi ƙarfin kansa: masu sari da ke ba ƙananan butik kaya sai ranar kasuwa a biya, masu taki da maganin feshi da ke bayarwa da damina a karɓa da kaka, dillalan albasa, masu siminti da kwano a Figil inda manyan motoci ke tsayawa, ƙungiyoyin manoma irin GIC da sakatarensu ke fama da sunaye ɗari a littafi, har makarantun kuɗi da Islamiyyu da ke bin iyaye kuɗin wata. Kasuwar Pitowa ranar Lahadi take ci, ka shirya ka je da wayarka da bakinka. Kuma kar ka manta hanyar Figil ta wuce Lere har Pala, Cadi kuɗinmu ɗaya da su, dokar kasuwanci ta OHADA ɗaya, Fulatanci da Hausa da Faransanci duk ana ji, sai dai can Airtel da Moov ne ke aiki, ka fara tambayar yadda kuɗi zai iso ka kafin ka saka wa kowa. Ɓangaren Mubi ma akwai kasuwa amma tunda aka saki naira a 2023 ta zube sosai, in zaka yi da su ka yanka farashi da sefa.

Akwai tsoro guda biyu da ɗan kasuwa bazai faɗa maka ba sai dai kaga yana ta kwana-kwana. Na farko 'yan impo, wato masu haraji, yana ganin duk abinda ya shiga waya gwamnati na iya gani. Na biyu kai kanka. Littafin bashi sirrin gari ne ƙanena, a ciki akwai sunan liman da na lawan da na matar da ta karɓi shinkafa mijinta bai sani ba, kai kuma ɗan garin ne kowa ka san shi. Ka gina abin yadda ko kai baka iya karanta lissafin mutum sai ya buɗe maka da lambarsa, ka faɗa masu haka ƙarara, kuma ranar da aka kira ka gyara ka ga wani suna to ka mutu da shi a ciki, ko Inna kar taji. Magana ɗaya ta fita a majalisa sana'ar ta ƙare a yankin gaba ɗaya. Kamaru ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, to ba maganar mutunci kaɗai bace yanzu. Ta ɗaya gefen kuma kana da abin faɗi mai ƙarfi da kamfanonin waje basu da shi, ayar da tafi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi take. Ba nace ka mai da ita talla ba, amma dattijon da ke ganin rubuta sunan maƙwabci rashin kunya ne ya san da ita.

Yanzu rezo. Ni a ganina zaman ƙauyen nan gata ne gare ka ta wannan fuskar, saboda wahalar da kake sha ita kwastomanka ke sha, yaron Duwala mai rubuta manhaja a ofis da intanet mai ƙarfi ta fayiba bazai taɓa tunanin mai butik da sandar rezo ɗaya ba. Komai ya zauna a cikin wayar, SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke zama cikin waya, ta isa, a rubuta a duba a buga jimla babu intanet, in rezo ya leƙo ta tura ajiya a ɓoye da kanta ta koma. Ka gwada ta akan ƙaramar Itel ko Tecno mai cikakken ciki da fasasshen gilashi, ba akan wayarka ba. Manyan lambobi, maɓallai kaɗan, hoton kaya maimakon dogon suna, wurin ɗaukar murya ga wanda boko bai zauna masa ba, kuma in har ba ka saka Fulatanci ba to ka saka, ka san a kasuwannin nan shi ake ciniki da shi. Tunatar da mai bashi ta SMS yafi WhatsApp tunda ba kowa ke da babbar waya ba. Maganar biyan kuɗi kuwa lambar buɗewa da zaka tura ta SMS bayan an biya ta wadatar, amma ka ji ni da kyau, wanda bai biya ba a hana shi ƙara sabon rubutu kawai, kar ka taɓa kulle masa tsohon lissafinsa. Dukiyarsa ce, in ka riƙe ta sai kun je gaban lamido.

Play Store ba dole bane yanzu. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji sun riƙe manhajar kwana 14 kafin Google ta bari ta fita, kai kuma kwastomominka hannu da hannu kake samunsu, Xender ko Bluetooth sun isa. Na Apple mai dala 99 duk shekara manta da shi, wa ka gani da iPhone a bayan kanta.

Naka aikin kuma ka raba shi biyu, na ɗaki da na tudu. Rubutu da gwaji basa buƙatar rezo in ka sauke littattafan bayani da kayan aikinka a kwamfuta tun da wuri. Tura rubutunka GitHub, wurin ajiyar rubutun manhaja a intanet, da sauke manyan abubuwa ka tara su sai ranar da ka shiga Gidar ko cikin dare da layi ke sakin jiki. Sim biyu na kamfani daban-daban, ƙaramin modem a ɗaure a saman gora ko dogon ƙarfe a cikin roba saboda ruwa, ka juya shi ɓangaren da eriyar take, sau da yawa wannan kaɗai yana sauko da tudun cikin gida. Masu ce maka ka sayi Starlink, ka sani a 2024 kwastan ɗin Kamaru ta bada umarnin kama kayansa, Cadi ce ta bashi lasisi, to kar ka zuba kuɗi sai ka tabbatar da matsayin doka a ranar da zaka saya. Kuma yankewa ba ta ƙauye kaɗai bace, ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace har manyan birane sun ji a jikinsu.

Kuran kuwa daina jiransa. Madatsar Lagdo tun 1982 take, megawat 72 aka gina ta da shi, jama'ar arewa sun ninka tun lokacin kuma in ruwa ya ja baya injinan basa bada ko kusa da haka, shi yasa aka kafa gonakin sola a Gidar da Marwa. Abin dariya kana maƙwabtaka da ɗaya kana kwana a duhu. To kai ma ka kafa taka ƙarama. Kwamfutar hannu da modem da ƙaramar fanka ka ƙaddara wat 60 zuwa 80, awa takwas bai wuce wat-awa 650 ba. Batir mai volt 12 amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, amma in na ruwa ne ko jel rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe, ga shi zafi na kashe shi, kusan duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu, kai kuma ka san Afrilun yankin nan ya wuce 40. In da hali ka tara ka sayi na lithium irin LiFePO4 sau ɗaya, da panno, wato farantin sola, na wat 200 zuwa 300 da regilatar caji mai kyau, ka ajiye batirin a ƙasa a inuwa ba ƙarƙashin kwano ba. In kwamfutarka na caji ta USB-C akwai cajar da ke ɗauka kai tsaye daga volt 12, ka huta da asarar inbata. Grup da esans, wato janareta da fetur, ba naka bane, ribar wata zai shanye. Lokacin hunturu ka dinga share panno kana hure ƙurar fankar kwamfuta, da rani kuma aiki daga asuba zuwa hantsi sai bayan isha'i, tsakar rana ka bar ta ta huta kaima ka fita wajen kwastomomi.

Abinda baka tambaya ba kuma yafi bani tsoro: kai kaɗai ne. Zazzaɓin damina ya kwantar da kai sati biyu, ko a ɗauke kwamfutar, ko ƙaninka ya kifar da kunu a kanta, me zai faru da lissafin mutane? Rubutunka ya kasance wuri uku, kwamfuta da intanet da wani kili, wato filashi, da ke ajiye a wani gida daban. Makullin sa hannun manhajar Android ka adana shi kamar takardar gona, in ya ɓata bazaka iya sabunta wa waɗanda ka saka wa ba sai an cire an sake. Ka koya wa ɗaya daga cikin ƙannenka sakawa da tura lambar buɗewa da amsa ƙananan tambayoyi, ka dinga bashi wani abu akan kowane kwastoma. Kuma ka yanka lokacin kira, in ba haka ba wani Alhajin ƙarfe 11 na dare zai tashe ka wai wayarsa ta ƙi kunna rediyo, tunda duk abinda ya shafi waya yanzu kai ne.

Takardu kar su firgita ka. Ka fara da lambar haraji ta NIU, sannan in kuɗi ya fara shigowa ka je CFCE a Garwa, ofishin da aka tara rajistar kasuwanci wuri ɗaya, ka buɗe da sunanka kai kaɗai. Dokar OHADA tun gyaran 2010 ta tanadi matsayi mai sauƙi na ƙaramin mai sana'a, ba sai ka kafa cikakken kamfani irin SARL ba, duk da ita ma tun 2016 jarin 100,000 ya isa. Ka tambayi ofishin impo na yankinku da kanka ajin da ka faɗa, kar ka bi ta hannun ɗan tsakiya. Amfaninsu a wajenka biyu ne, makaranta ko GIC bazasu biya ba sai da rasit mai hatimi, na biyun kuma yana zuwa a ƙasa.

Gida yanzu. Inna bata raina ka ba, a duniyar da ta sani mai aiki fita yake ya dawo da gumi, wanda ke ɗaki da rana kuwa ko mara lafiya ne ko malalaci. Bayani bazai canza wannan ba, abu biyu ne zasu canza shi. Na farko ka fitar da aikin daga ɗakin kwananka, ko shagon zaure ne ko ɗan ɗaki a bakin hanya, ka sa ƙofa da ɗan allo mai suna, ka yi wanka ka sa riga ka ce Inna na tafi aiki ko da taku ashirin ne. Na biyu duk wata ka damƙa mata wani abu a hannu, ko 5,000 ce, rana ɗaya bata canzawa, kace wannan daga aikin nan ne. Wata uku a jere zaka ji da bakinta tana korar yara tana cewa yayanku na aiki. Ka zauna da ita ku yanka, safe naka ne, bayan la'asar na gida ne, aiken kai niƙa da ɗebo kaza a ba ƙanne. Jana'iza da dubiya da gayyar gona kuwa babu zancen aiki, ka rufe ka je, a garin zaka zauna kuma su ne kasuwarka. Gonar ma ban ce ka saki ba, ita ke ciyar da ku kafin abin ya tsaya da ƙafarsa, ka rage shirin manhaja daga shuka zuwa noman biyu ka san da haka tun yanzu kar kazo kana jin ka gaza.

Baban yarinya kuma kar ka je kana nuna masa waya kana bayani, ƙara tabbatar masa zakayi. Uba ne, tambayarsa me 'yata zata ci, kuma tambaya ce mai kyau. Ka bari sai ka haɗa wata huɗu ko biyar kuɗi na shigowa, sannan kawunka ya koma da takardar rajista da littafin rasit, in so samu ne tare da wani ɗan kasuwa da dattijon ke ganin girmansa wanda zai ce ni nan ina biyan yaron nan duk kaka kuma ya tsare min dukiya. Ita kuma yarinyar ka faɗa mata gaskiyar lissafinka da lokacin da kake nema, kar ka cika ta da labarin masu Facebook da suka fara a ɗaki. In gidansu bazasu iya jira ba kar ka ci bashi dan ka nuna kana da shi.

Aikin Turawa ta intanet da ake ta zuga ku akai, yana yiwuwa amma ka san inda ƙaya take. Samun aikin wuya, karɓar kuɗin ma wata wuyar ce, cikin kamfanonin biyan kuɗi ta intanet Stripe bata aiki da Kamaru, PayPal ɗinmu na biya ne ba na karɓa ba, yawanci sai Payoneer ko turawa ta banki, wato sai kana da asusu a Gidar ko Garwa. Daɗinta in da yuro aka biya ka babu fargabar canji tunda sefa a ɗaure take, yuro ɗaya kusan 656. Wanda yace ka fara turo kuɗi kafin ya baka aiki ɓarawo ne, toshe shi. Ni dai da zaka ji tawa, ƙananan ayyuka na kusa sun fi maka, asibitin kuɗi a Garwa ko makaranta a Marwa da ke son a gyara masu lissafi, rabi kafin ka fara rabi in ka gama, a rubuce.

Duwala bata gudu. Ka kira abokin naka ka tambaye shi abu uku ba kunya: sunan wurin, albashi nawa, akwai kwantiragi a rubuce ko zo mu gani ne. Ka cire haya da abinci da moto da abinda zaka dinga turo wa Inna, ka tuna in wani abu ya taso a gida mota ce zuwa Gaundare, jirgin ƙasa kwana guda zuwa Yawunde, sannan wata motar, dawowa ma haka. Ka tambaye shi kuma ko zasu yarda ka fara yi masu wani ɓangare daga nan, kamfanoni da yawa yanzu suna yarda in sun ga aikin mutum. Sannan ka yanka wa kanka wa'adi ka faɗa wa Inna da kawu dan kar ka zame, daga yanzu zuwa ƙarshen cinikin auduga mai zuwa. In a lokacin kana da mutum 20 masu biya da kuɗinsu ba da albarka ba, ka zauna ka nemi na 30. In kayi yawon kasuwannin nan da gaske ka faɗi farashi da bakinka kuma basu kai 10 ba, ka tafi Duwala da manhajar a matsayin shaidar abinda ka iya, ƙanin da ka koya wa ya riƙe waɗanda ke akwai kana duba shi ta waya. Ka rubuto min lokacin da adadin da ka samu, ka gaida Inna.